Yadda Za Ki Haɗa Aiki Daga Gida da Rainon Yaro Mai Tatata

Tun shekarar 2020, da annobar korona ta sa ma'aikatu da yawa suka rufe ofisoshinsu, aiki daga gida ya zama ruwan dare. Masu kallo daga waje suna ganin uwar da ke aiki a gida ta huta: ga albashi, ga ɗanta a gabanta. Wadda ke ciki ta san ba haka abin yake ba. Yaro daga shekara ɗaya zuwa uku ya wuce jaririn da za a kwantar ya tsaya inda aka ajiye shi, kuma bai kai wanda za a ce wa "ba ni minti goma" ya fahimta ba. Ƙafa ta samu, hannu yana kaiwa ko'ina, amma sanin haɗari bai zo ba tukuna.

Taura biyu ba ta taunuwa. Aikin da ke son nutsuwa da sa ido a kan yaro mai tatata ba sa haɗuwa a minti ɗaya, kuma duk dabarar da aka gina a kan cewa za su haɗu, ƙarshenta aikin ya lalace, yaron ya yi ta rigima, ke kuma ki kwana kina ganin laifin kanki. Abin da ke yiwuwa shi ne a raba yinin, a san wace awa ce ta aiki, wace ce ta yaro, kuma wa ke riƙe da shi a kowane lokaci. Da uwa nake magana domin galibi a kanta nauyin ke sauka, amma uban da ke aiki daga gida duk abin da ke nan ya shafe shi.

Mataki na farko: ki san yinin ɗanki kafin ki tsara naki

Ki ɗauki mako guda kina rubutawa, a takarda ko a waya: ƙarfe nawa ya farka, yaushe ya ci abinci, yaushe ya yi barcin rana da tsawonsa, a wane lokaci yake iya wasa shi kaɗai, a wane lokaci kuma yake manne miki. Kada ki gyara komai a wannan makon, lura kawai. Za ki ga yinin da kike ɗauka ba shi da kan gado yana da nasa tsari. Yara da yawa sun fi daɗin sha'ani da hantsi, bayan sun ƙoshi, rigima kuma ta fi tashi dab da barci da kuma yamma lis.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da barcin rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yawancin yara suna komawa barcin rana sau ɗaya maimakon biyu tsakanin wata 12 zuwa 18, kuma wannan barci ɗaya kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Shi ne dukiyarki mafi tsada a yinin. Ki tsare lokacinsa, ki riƙa kwantar da shi a sa'a guda kullum, da jerin abubuwa iri ɗaya kafin barcin: a wanke hannu, a rage haske, a ɗan rarrashe shi, a kwanta. Yaro yana gane lokaci ne ta abin da ke biye da abu, ba ta agogo ba.

Mataki na biyu: ki kasa aikinki kashi uku

Ki jera duk abin da aikinki ya ƙunsa a mako, sannan ki tambayi kanki game da kowanne: idan aka katse ni a tsakiyarsa, me zai faru?

Kashi na farko shi ne aikin da katsewa ke ɓatawa: rubuta rahoto, lissafi, fassara, tsara zane, duk abin da sai kin tattara hankalinki wuri guda. Na biyu shi ne wanda za ki iya ajiyewa ki dawo ba tare da asara ba: amsa imel, shirya fayiloli, tura saƙo ga kwastoma, duba jadawali. Na uku shi ne wanda ake yi kai tsaye da mutane: kiran waya, taro ta Zoom, koyar da darasi.

Dalilin wannan rarrabewa yana da tushe. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Shi ya sa za ki wuni gaban kwamfuta, ki tashi da yamma a gajiye, ki duba ki ga ba ki ƙulla komai ba. Awa huɗu da aka katse sau talatin ba ta kai awa ɗaya cikakkiya ba.

To, sai ki ɗora kowane kashi a inda ya dace. Aiki mai nauyi ya tafi lokacin barcin yaro, ko sassafe kafin ya farka, ko lokacin da wani ke riƙe da shi. Aiki marar nauyi ya tafi lokacin da yake wasa kusa da ke. Taro da kira kuwa, in da hali, kada su faɗo sai a lokacin da akwai wani babba a tare da shi, domin barcin rana ba abin dogaro ba ne ga taron da aka sa wa ƙarfe.

Abu ɗaya da nake son ki riƙe da kyau: da zarar ya yi barci, ki zauna kan aikin nan take. Kada ki ce bari in ɗan share nan, in wanke can. Shara da wanke-wanke ana iya yin su yaro yana farke, har ma ya taya ki da ɗan tsummansa, kuma yana jin daɗin hakan. Rahoto kuwa ba ya yiwuwa sai kina ke kaɗai. Kafin ki kwantar da shi, ki riga ki buɗe fayil ɗin, ki rubuta abin da za ki fara da shi, don kada rabin barcin ya tafi wurin tunanin ina za ki kama.

Mataki na uku: ki yi lissafin gaskiya, ki cike giɓin

Yanzu ki haɗa awannin. A ce kina samun awa ɗaya da sassafe, awa ɗaya da rabi a barcin rana, awa ɗaya da rabi bayan ya kwanta da dare. Awa huɗu ke nan na nutsuwa, a ranar da komai ya tafi daidai. Idan aikinki na awa huɗu ne, kin tsira. Idan na awa takwas ne, akwai giɓin awa huɗu, kuma babu wata dabarar tsara lokaci da za ta haifar da su. Nan ne mata da yawa ke cutar kansu, suna yanko giɓin daga barcinsu. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci. Za ki iya cin bashin barci na kwana biyu ko uku idan wa'adin aiki ya matso, amma in ya zama ɗabi'a, haƙurinki da yaron ne zai fara ƙarewa, sannan ingancin aikin ya biyo baya.

Giɓin mutum ne ke cike shi. Idan mijinki ma yana gida, ku raba yinin a rubuce, ku manna a bango: daga ƙarfe kaza zuwa kaza yaro yana hannun wane. Mai riƙo shi ke da komai, da kuka da canjin kaya da abinci, kuma ba ya ƙwanƙwasa ƙofar mai aiki sai da babban dalili. Cewa "za mu riƙa taimakon juna" ba tsari ba ne, domin a ƙarshe duk wanda yaron ya fi gudu wurinsa shi ke ɗaukar komai. Idan mijin yana fita, a nemi awanni ƙayyadaddu da safe ko da yamma ko ƙarshen mako.

Bayan shi akwai 'yan'uwa, akwai mai raino ko da ta awa uku ce a rana, akwai gidan rainon yara na rabin yini. Akwai kuma musanya da wata uwa mai yaro sa'an naki: yau ki riƙe biyun da safe, gobe ta riƙe. Yara a wannan shekaru ba su cika wasa tare ba, sun fi wasa gefe da gefe kowa da abinsa, amma ganin ɗan'uwa yana ɗauke musu hankali sosai. Wanda za a bar wa yaro dole ya zama babba mai hankali. Yayarsa 'yar shekara bakwai abokiyar wasa ce, ba mai raino ba.

Sai kuma shugabanki a wurin aiki. Kada ki ɓoye cewa akwai ƙaramin yaro a gida, kuma kada ki je da koke, ki je da shawara. Misali: "Ranka ya daɗe, daga ƙarfe 9 zuwa 12 ina kan layi ga duk wani taro. Daga 12 zuwa 1 ba na kusa. Rahoton mako zai riƙa iso maka kowace Alhamis kafin a tashi." Yawancin shugabanni abin da ke damunsu shi ne rashin sanin yaushe za a same ki da yaushe aiki zai iso. Ki fara duba takardar ɗaukar aikinki, domin wasu ma'aikatu sun sharɗanta cewa mai aiki daga gida ya kasance yana da mai kula da yaro a lokutan aiki. Idan kuma sana'ar taki ce, ki rubuta lokutan amsa saƙo a shafinki na WhatsApp, ki kuma ƙara kwana ɗaya a kan duk wa'adin da za ki ba kwastoma.

Mataki na huɗu: ki gyara wurin kafin ki ɗauke ido

Wannan mataki ba a tsallake shi. Duk lokacin da kike amsa imel yaro yana wasa a gefenki, idonki yana barin kansa na daƙiƙoƙi, kuma a cikin daƙiƙoƙi abubuwa ke faruwa. Ki zaɓi ɗaki ɗaya ko kusurwa ɗaya, ki mayar da shi wurin da babu abin da za ki ce "bari" a kansa. Ki durƙusa, ki kalli ɗakin daga tsayin yaron, za ki ga abubuwan da ba kya gani a tsaye.

Ruwa ne na farko. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa a duniya, kuma ba sai kogi ba. Bokiti ko baho mai ruwa kaɗan ya isa, domin kan yaro ya fi jikinsa nauyi, in ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, kuma ba a jin ihu. Ki zubar da ruwan, ko ki rufe ƙofar da ke kaiwa gare shi.

Na biyu kayan aikinki ne da kansu. Wayar caja da ke lilo daga tebur, in ya ja ta, kwamfutar za ta biyo. Kofi mai zafi a bakin tebur haka. A toshe soket, a ɗaure wayoyi a bayan tebur, a kafe kabad da kantar littattafai a jikin bango domin yara suna hawa. Ƙaramin batirin nan mai faɗi kamar maɓalli, na cikin rimot da agogo da makullin mota, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. In kin yi zargin ya haɗiye, asibiti nan take, ko da yana wasansa lafiya. Magunguna, sabulun wanki, almakashi, jakar leda, igiyar labule, da duk ƙaramin abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, a ɗauke su sama ko a kulle.

Teburinki ya kasance inda za ki gan shi da ɗaga kai kawai. In za ki sa abin sauraro, ki sa a kunne ɗaya. Kuma idan ɗaki ya yi tsit fiye da kima, ki tashi ki duba.

Mataki na biyar: ki koya masa wasa shi kaɗai

Wasan kaɗaici koyo ne, ba hali ba ne da wani yaro ke da shi wani ba shi da shi. Amma ki sa ran abin da ya dace da shekarunsa: mintuna, ba awanni ba. Ɗan wata 18 da ya yi minti biyar yana harkar gabansa ya yi ƙoƙari.

Ki fara da ba shi kanki gaba ɗaya. Kafin ki zauna kan aiki, ki ajiye waya a wani ɗaki, ki zauna ƙasa tare da shi na minti biyar zuwa goma. Shi zai ja ragamar wasan. Kada ki ba da umarni, kada ki yi ta tambaya, ki riƙa faɗin abin da yake yi: "Ka ɗora ja a kan shuɗi. Ya faɗi! Ka sake ɗorawa." Wannan salo yana cikin tsarin da masaniyar halayyar yara Sheila Eyberg ta ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1970, inda ake ba iyaye aikin gida na irin wannan wasa minti biyar kullum. Yaron da ya samu uwarsa cikakkiya na ɗan lokaci ya fi sakin ta fiye da wanda ya wuni yana samun rabinta. Mafi yawan jan riga da hawa cinya neman tabbaci ne cewa kina nan.

Bayan nan, yana tsakiyar wasan, ki ce masa: "Mama za ta yi aiki a nan. In agogo ya yi ƙara zan dawo." Ki saita minti uku. In ya yi ƙara, ki dawo ko da yana cikin nishaɗi, domin abin da kike koya masa shi ne maganarki gaskiya ce. Bayan 'yan kwanaki ki mayar biyar, sannan takwas, a hankali har ki kai inda ya iya. Idan ya zo kafin lokaci, ki dube shi, ki taɓa shi, ki mayar da shi wurin wasan da magana ɗaya. Idan kuwa ya nutsa, kada ki katse shi da yabo. Iyaye da yawa da kansu suke tsinka wasan 'ya'yansu.

Kayan wasa kuma, ki rage. A wani bincike na Jami'ar Toledo da aka wallafa a 2018, an ba yara 36 'yan wata 18 zuwa 30 kayan wasa huɗu a wani zama, goma sha shida a wani. Da huɗu sun fi daɗewa a kan kowane abu, kuma sun fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Don haka ki kasa kayan cikin kwali uku ko huɗu, ki fito da ɗaya, ki ɓoye sauran, ki riƙa juyawa duk bayan 'yan kwanaki. Ba sai na saye ba: kofunan roba da ke shiga cikin juna, kwali babba da zai shiga ciki, safa da zai zuba a kwando ya juye, takarda da fensirin kala mai kauri. Ki ware kwali ɗaya na musamman wanda ba ya fitowa sai lokacin kiran waya, ya koma da zarar an gama.

Ki kashe talabijin ɗin da ba mai kallo. Masu bincike a Jami'ar Massachusetts sun gano a 2008 cewa idan shirin manya yana tafiya a ɗaki, wasan ƙananan yara yana gajarta, ko da ba sa kallon sai jefi-jefi.

Kuma kada ki manta jikinsa yana son motsi. Ƙa'idojin nan na 2019 sun ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa ɗaya a jere, ko a keken turawa, ko a kujerar cin abinci, ko a goye. Fita da shi waje da safe ya yi gudu ya yi tsalle ba ɓata lokacin aiki ba ne. Shi ke sayo miki barcin rana mai nauyi.

Mataki na shida: waya da katun

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan zaunar da ɗan shekara 1 gaban allon waya ko talabijin ba sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a shawararta ta 2016, ta keɓe hirar bidiyo da 'yan'uwa daga hanin. Ra'ayina shi ne, in yaron ya kai shekara biyu, ki ɗauki wannan awa a matsayin ajiyar ranar buƙata. Ki tanade ta don taron da ba ki samu mai riƙo ba, ki zaɓi shirin da kanki tun kafin lokaci, ki kashe abin nan na YouTube da ke jawo bidiyo bayan bidiyo, ki faɗa masa tun farko cewa ɗaya ne. Kada ya zama wayarki ta aiki ce a hannunsa, kuma kada a kunna dab da barci. Ranar da ya wuce awa ɗaya saboda aiki ya cushe, gobe a koma kan tsari, shi ke nan.

Mataki na bakwai: taro, da shiga ɗaki a rufe ƙofa

Minti goma sha biyar kafin taro, ki tabbatar ya ci, ya sha, an canja masa. Makirufonki ya zauna a kashe sai za ki yi magana. In ya shigo yana kuka, ki ce "ku ba ni minti biyu", ki kashe kyamara, ki rarrashe shi. Ya fi sauri, kuma ya fi mutunci, fiye da ci gaba da bayani a kan kukansa.

Idan za ki bar shi da mai raino ki shiga ɗaki, kada ki sulale. Ƙiwa tana da ƙarfi a wannan shekaru, kuma yaron da uwarsa ke ɓacewa ba sallama yana koyon kada ya ɗauke ido daga kanta. Ki yi masa sallama gajera, ki faɗi lokacin dawowa da abin da ya sani: "In ka tashi daga barci zan fito." Zai yi kuka, galibi na ɗan lokaci. Kada ki riƙa leƙowa, domin kowace leƙowa sabuwar rabuwa ce. Ki shiga da ruwanki da duk abin da kike buƙata.

Mataki na takwas: tashi daga aiki, da ranar da tsari ya rushe

Mai zuwa ofis hanya ce ke raba shi da aiki. Ke sai kin ƙirƙiri taki iyakar. Ki sa lokacin tashi, ki rubuta abu uku na gobe, ki rufe kwamfutar ki ɗauke ta daga gani, ki kashe sanarwar saƙonnin aiki har yaron ya kwanta.

Zazzaɓi zai zo, haƙori zai fito, mai raino za ta yi tafiya. Ki shirya wa wannan tun yana lafiya: mutum biyu da za ki iya kira, saƙon neman uzuri da kika riga kika rubuta, da sanin abu ɗaya tak da dole ya fita a irin wannan rana. Sauran su jira. Yaro marar lafiya jikin uwarsa yake so, kuma in zazzaɓin ya yi zafi, ko ya ƙi shan komai, ko numfashinsa ya canja, a rufe kwamfuta a tafi asibiti.

Duk bayan wata biyu ko uku ki sake yin makon lura na matakin farko, domin yaron da kika tsara wa yini a wata 18 ba shi ne na wata 26 ba. Babban canjin da ke tafe shi ne daina barcin rana, wanda yawancin yara ke yi tsakanin shekara 3 zuwa 5. Da kin ga ya fara ƙin barcin, kada ki soke lokacin. Ki mayar da shi lokacin hutu a ɗakinsa, da littattafan hotuna da labule a sauke, ki fara da minti goma sha biyar kina ƙarawa. Sannan ki koma kan lissafin awanninki, ki ga nawa suka ragu, ki nemi wanda zai riƙe shi a madadinsu tun kafin barcin ya ƙare gaba ɗaya.